Yadda na saka shagona a taswirar Google, da kuɗin da na zubar a hanya

Ni bakanike ne, amma ba na mota ba, injin ban ruwa nake gyarawa da ƙananan janareto, sai 'yan kayan gyara da nake ajiyewa irin su fulogi da ringi da fistin da sil da tiyo. Shagona yana wani ƙauye a ƙasar Garun Malam, ba nisa da Kadawa, in ka sauka daga titin Kano zuwa Zariya sai ka ƙara tafiyar kamar minti goma a babur. Duk wanda ya san yankin nan ya san ruwan Tiga ne ke riƙe da mu, rani da damina ana noma, shinkafa da tumatir da alkama da albasa, wanda kanal bai kai gonarsa ba kuma sai da inji. To abinda yasa na zauna nake wannan dogon rubutun, mutum uku kenan cikin wata ɗaya suna tambayata wai yaya akayi shagona ya fito a taswirar waya, nawa na biya, kuma yana kawo kwastoma ne ko kuwa burga ce kawai. Bari in faɗa tun daga farko yadda abin ya kasance, har da inda nayi wauta.

Abin ya samo asali ne bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga watan Mayun 2023. Fetur da muke sha ƙasa da naira 200 ya haura 500, manoma suka rasa yadda zasuyi da injinansu, sai aka koma canza kabireta ana mayar da inji mai amfani da gas ɗin girki. Na koyi aikin da wuri, Allah ya sa hannuna ya faɗa, aiki ya buɗe. Wajen watan Oktoba ƙanena da ke karatu a Kano ya zo hutun ƙarshen mako, yana zaune a bencin shago yana danne-dannen waya sai yace, "Yaya, ka san in mutum ya nemi mai gyaran inji a nan yankin a waya ba ka fitowa? Duk na cikin birni yake nunowa." Nace to ni ina ruwana da waya, wanda injinsa ya lalace ai ya san hanyar shagona. Yace na ƙauyen nan ne suka sani, baƙo fa? Kuma kyauta ne, sisi ba a biya. Jin kyauta ɗin nan ne yasa nace to a yi.

Matsala ta farko imel. Ashe ina da shi ban sani ba, mai shagon da na sayi wayar ne ya buɗe min tun shekarun baya, ban san lambar sirrin ba, layin da aka haɗa dashi kuma ya daɗe da ɓata. Muka yi ta gwada sunan ɗana da shekarar haihuwata, ina, bai buɗe ba. Ƙanena ya koma makaranta ranar Lahadi ba mu yi komai ba. Sai da sati ya zagayo na je Kura sayen kaya na biya wani kafe, yaron ya buɗe min sabo da layin da nake amfani dashi yanzu, ya karɓi naira 500, nasa ya rubuta min lambar sirrin a takarda na saka a cikin littafin bashi. Wannan na yi daidai, don daga baya na ga wani abokina da yaron kafe ya buɗe masa komai da imel ɗinsa shi yaron, yaro ya tafi bautar ƙasa, yanzu shagon na taswira amma mai shi ba shi da ikon canza ko lambar waya.

Da ƙanena ya sake zuwa muka zauna cike fom. Abin sunansa Google Business Profile, da can ana ce masa Google My Business, don haka in ka ji wani ya kira shi da tsohon sunan abu ɗaya ne. Ana tambayar sunan sana'a, irin sana'ar, lambar waya, lokacin buɗewa da rufewa, sai adireshi. Suna ma sai da muka yi gardama, don shagona bai taɓa suna ba, kowa "wajen mai inji" yake cewa. Irin sana'a kuma ba kai zaka rubuta son ranka ba, jeri ne suke dashi da turanci sai ka zaɓi wanda ya fi kusa da naka. Amma inda muka fi daɗewa adireshi. Suna son lambar gida da sunan titi, mu kuma kwatancenmu shi ne bayan masallacin Juma'a, kusa da injin niƙa, gefen bishiyar darbejiya. Muka rubuta sunan ƙauye da ƙaramar hukuma kawai, sai ga alamar da ke nuna wurin shago a taswira ta je ta sauka a tsakiyar gonar shinkafar wani, kusan kilomita biyu da shago. Ashe ana iya jan alamar da yatsa a ajiye ta daidai, sai muka juya taswirar zuwa hoton sama, na dinga lalube har na gane kwanon masallaci da darbejiyar, muka ɗora ta a kan rufin shagon. Wallahi ranar ne na fara ganin ƙauyenmu daga sama, har kwanon gidanmu da Baba ya ɗora tayoyi a kai saboda iska. Ya kuma nuna min wani abu da ake kira Plus Code, 'yan haruffa ne da lambobi da alamar tarawa a tsakiya, Google ta yi shi don wuraren da ba su da adireshi irin namu, in ka tura wa mutum ya saka a taswira zai kawo shi ƙofarka.

Na ɗauka an gama, ashe yanzu aka fara. Sai sun tabbatar shagon gaskiya ne kuma naka ne kafin ka samu iko a kansa, kuma ba kai ke zaɓar hanyar tabbatarwar ba, abinda suka baka shi zaka bi, wani a kira shi a waya, wani saƙo, wani bidiyo. Ni wasiƙa suka ce zasu aiko mai ɗauke da wasu lambobi guda biyar da zan shigar a waya, in jira kamar kwana 14. To ni tunda nake ban taɓa ganin an kawo wa wani wasiƙa ƙofar gida a ƙauyenmu ba, amma nace bari mu gani. Na gaya wa mai shayi, na gaya wa mai injin niƙa, har gidan mai unguwa na je nace ranka ya daɗe in an kawo wata takarda mai rubutun turanci tawa ce. Yace takardar kotu ce? Nace a'a ta waya ce. Ya dube ni dai bai ce komai ba. Sati biyu, sati uku, shiru. Ni ban ga laifin kowa ba, takardar da ba lambar gida ba sunan titi ina za a kai ta. A tsakanin nan kuma na ƙara kwafsawa, zaman jiran ya ishe ni na shiga na canza sunan shagon na cusa masa su gas da sola da janareto duk a ciki don wai a fi ganina, ƙanena ya kira ni yace Yaya ka daina taɓawa, canza suna ko adireshi ana cikin jira yana iya mayar da kai baya, kuma dokarsu sunan da ke jikin shago shi kaɗai ake rubutawa. Na mayar da shi yadda yake.

Wajen ƙarshen Nuwamba sai hanyar bidiyo ta fito min. Sharaɗin shi ne a ɗauka kai tsaye a cikin manhajar ba yankewa, a nuna inda shagon yake da abinda ke kewaye dashi, a nuna kayan aiki, sannan a nuna abinda zai tabbatar kai ne mai wurin. Na farko na yi shi da yamma ni kaɗai, na ɗauko injina birjik a ƙasa da ni ina ta bayani da Hausa. Bayan 'yan kwanaki aka ce bai wadatar ba. Da na sake dubawa ni kaina na ga dalili, babu ko harafi ɗaya a bidiyon da ya nuna sunan shago, rumfa ce da tarkace, ko'ina zata iya zama. Dole na nemi mai fenti, na samu wani guntun faifan ƙarfe a wajen mai walda, aka rubuta sunan da lambar wayata baƙi a kan ruwan ɗorawa, ƙarfe da fenti da ladan aiki suka ci naira 9,000. Na biyu an ɗauka lafiya amma netwok ya ƙi tura shi, ya tsaya a rabi har wayar ta mutu. A wajenmu netwok sai da asuba yake hankali, don haka na uku na shirya masa. Bayan sallar asuba gari ya ɗan waye na taso yaron shagona, na ba shi wayar nace ka riƙe da hannu biyu kar ka yi magana. Ya fara daga masallaci, ya biyo ta injin niƙa, ya tsaya a kan allon har na ƙirga biyar, sannan na zo da mukulli na buɗe kwaɗon yana ɗauka, muka shiga ya nuna akwatin sifanu da kantar kayan gyara da wani inji da na kwance kansa jiya. Wani akuya ma ya shigo bidiyon, nace bar shi kar ka tsaya. Muka tsaya a bakin hanya na ɗaga wayar sama kamar mai neman wata har ya tafi. Kwana huɗu sai ga saƙo an amince. Na nemi sunan shagona a waya, ga shi nan da hoton allon, na nuna wa Baba, ya kawo wayar kusa da idonsa yace, "To yanzu wannan ɗin shi zai kawo maka inji?" Nace in sha Allahu. Yace Allah ya sa.

Daga nan sai shiru, sati kusan shida ko kira ɗaya ban samu ta nan ba. Akwai wurin da yake nuna maka mutum nawa suka ga shagon, nawa suka danna kira, nawa suka nemi a nuna musu hanya, kullum da daddare sai na duba, in ga mutum biyar sun gani, kuma na san uku a ciki ni ne da ƙanena da yaron shago.

A cikin shirun nan ne aka ci kuɗina. Wani ya kira ni da Hausa mai daɗi, yana ta injiniya injiniya, yace daga wani shafi suke da ke tara sunayen 'yan kasuwa na Najeriya gaba ɗaya, sun ga shagona, in na biya naira 15,000 zasu saka ni a sahun farko na shekara guda, manyan kamfanoni da ƙungiyoyin noma a wurinsu suke neman ma'aikata. Ba zan ce damfara ce tsantsa ba, don shafin akwai shi, na tura kuɗin sun saka ni, har da wata takardar shaida mai ado da suka turo min ta WhatsApp. Amma cinikin biri a sama nayi. Ban tambayi kaina wa ke shiga shafin ba. Manomin da injinsa ya tsaya tumatir na neman ƙonewa ba zai je wani shafi da bai taɓa jin sunansa ba yana bin jerin sunaye. A shekarar gaba ɗaya kira uku na samu da zan iya cewa daga can ne, biyu masu son su buɗe min shafin intanet, ɗaya mai tallan bashi. Da shekara ta cika suka kira a sabunta nace na gode. Akwai kuma wanda ya kira yace wai za a rufe shagona a taswira in ban karanto masa lambar da za a turo min ba, wannan kam ɓarawo ne, na kashe wayar, don irin abinda suke yi wa mutane da asusun banki ne sak. Wasu kuma suna tambayata ko sai da rijistar CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni da sana'o'i rijista, ni dai ba a tambaye ni ita ba a duk matakan nan, na yi tawa ne daga baya saboda buɗe asusu da sunan shago.

Kiran farko na gaskiya ya zo a watan Janairun 2024, ana tsakar sanyi da aikin alkama. Wani Alhaji ne ma'aikaci a Kano, irin manoman waya ɗin nan da ke da gona a wajenmu amma sai Asabar da Lahadi suke leƙowa. Yace, "Malam kai ne mai gyaran inji? Na gan ka a taswira, kana mayarwa gas?" Nace ƙwarai ranka ya daɗe. Na fara kwatance, ka wuce kaza ka karya kwana, yace bar shi wayar zata kawo ni. Minti ashirin sai ga mota a gindin darbejiya da inji uku a but. Yana ta mamaki wai shekara biyu yana kwasar injinansa zuwa cikin birni alhali ga ni nan kusa da gonarsa. Masu yi masa aiki sun san ni sarai, amma bai taɓa tambayarsu ba su kuma basu faɗa ba. Kuɗin aikin ranar kaɗai ya mayar min da na allo da na data har da dubu goma sha biyar ɗin da na zubar, kuma bai yi min cinikin nan na "haba ɗan uwa" ba, tiransifa ya yi nan take.

Tun daga ranar na ware shafi a bayan littafin bashi, duk baƙuwar fuskar da ta zo sai in tambaya wa ya turo ka, in ja layi. Zuwa faɗuwar damina na ƙirga sababbin mutane 58. Arba'in da ɗaya wani ne ya gaya musu, maƙwabcin gona ko ɗan uwa ko ɗan acaɓa. Shida allon suka gani suna wucewa, abin dariya, allon da na yi don bidiyo. Huɗu a sitatus ɗin WhatsApp suka ga bidiyon inji yana feso ruwa da tukunyar gas a gefe. Bakwai ne kawai ta taswira. In ka tsaya a adadi sai kace ba komai, amma bakwai ɗin nan duk irin Alhajin nan ne, masu inji biyu uku, masu biya a take, kuma biyu cikin arba'in da ɗayan can shi ya turo su. Namu na gida kuwa, Allah ya bar zumunci, rabin aikinsu sai an sayar da tumatir.

Jiji ma na gwada, shi kasuwa ce ta saye da sayarwa ba taswira ba, saka talla kyauta ne sai in kana son a ɗaga ka sama ka biya. Na saka injina na hannu guda biyu da na gyara. Kira kam ya zo, har daga Legas da Ibadan, mafi yawa nawa ne ƙarshe sannan shiru, wani kuma ya turo min hoton alat na ƙarya yana cewa in ba direba kaya. Ɗaya na sayar wa wani daga Bunkure, ɗayan wani maƙwabcina ya saya da bai ma san na saka shi ba. Na kaya yana da amfani, na aikin hannu irin nawa ban ga wani tasiri ba.

Abinda ya ba ni kunya kuma laifina ne. Lokacin cike fom mun saka ana buɗewa kullum bakwai na safe zuwa shida, alhali duk Talata ina shiga Kano sayen kaya, Juma'a kuma daga sha biyu na rufe. Wani bawan Allah ya taso tun daga Kwanar Ɗangora da inji a bayan babur ran Talata, ya tarar da kwaɗo, ya kira layina ina cikin hayaniyar kasuwa ban ji ba. Ya koma ya shiga taswirar, inda kwastoma ke ba shago maki daga tauraro ɗaya zuwa biyar, ya ba ni tauraro ɗaya ya rubuta an ce a buɗe yake ƙarya ne. Lokacin waɗanda suka ba ni tauraro duka duka mutum uku ne, don haka nan da nan makin ya faɗo. Na ji zafi, har na ce ƙanena ya tara abokansa su zuba min biyar biyar, yace Yaya ba a yarda da wannan ba, ana iya gogewa ko a jawo maka matsala. Sai na ba mutumin amsa a ƙasan rubutunsa na ba shi haƙuri, na gyara lokutan, na kuma fara roƙon waɗanda na yi wa aiki suka ji daɗi su rubuta ko da layi ɗaya ne, da Hausa ma ya yi.

To ga wanda ke tambaya ko yana kawo kwastoma, ni abinda na gani shi ne baƙo yake kawowa, baƙon ma mai babbar waya da ya saba tambayarta. Ka fara duba sana'arka, wa ke nemanta? Ƙanwar matata tana ɗinki a cikin gida, tace in saka ta, nace mata kar ki wahalar da kanki, masu kawo miki ɗinki matan unguwa ne da na biki, ba wadda zata buɗe taswira neman tela a ƙauyen da aka haife ta, ki riƙe sitatus ɗinki da hotunan ɗinki, kuma ba ma zan so a ɗora alama a kan gidan aure ba. Amma mai faci a bakin titi, mai kemis, mai sayar da taki da iri, mai injin casar shinkafa, mai gyaran sola, duk wanda matafiyi ko ɗan birni zai iya buƙata cikin gaggawa, wannan ya saka, tunda kyauta ne. Ya fara yin allo kafin komai, imel ya zama nasa da layinsa, ya ja alamar da hannunsa ya tabbatar ba a gonar wani ta sauka ba, lokacin buɗewa ya rubuta na gaskiya, layin da ya saka kuma ya zama wanda ke aljihunsa. Wanda ya kira ka yace ka biya a saka ka a jerin 'yan kasuwa, tambaye shi mutum ɗaya a ƙaramar hukumarku da ya samu ciniki ta wurinsu, ka kira mutumin ka ji.

Jimillar abinda na kashe in an haɗa kafe da allo da data da wancan shafin ya kai kusan naira 28,000, fiye da rabi a banza. Satin da ya wuce mai facin bakin titinmu yazo yace in taimaka masa, na duba nace ina allonka, yace ai tayar da ya jingina a bakin hanya ita ce allo. Na tura shi wajen mai fenti, jibi da asuba zamu ɗauki bidiyon in netwok ya yarda. Wasiƙar nan tawa kuwa har yau mai unguwa in mun haɗu a masallaci sai ya ce min ba a kawo ba tukuna.